Kukan da Ba a Ji Ba: Tarihin Neman Baƙin Akwati a Ƙarƙashin Teku

Mai karatu, duk lokacin da jirgin sama ya faɗa teku, za ka ji kafafen labarai suna ta nanata cewa ana neman baƙin akwati, kuma saura kwana kaza batirinsa ya mutu. Wataƙila ka taɓa tambayar kanka: wane batir ne wannan, kuma me ya haɗa mutuwarsa da gano akwatin? Ta yaya ma ake gano abin da bai fi akwatin takalmi girma ba a ƙasan ruwan da zurfinsa ya kai kilomita huɗu, inda hasken rana bai taɓa leƙawa ba?

A taƙaice, da kunne ake nemansa. A yau za mu bi tarihin wannan fasaha tun daga tushenta, sannan mu tsaya a kan jirgin Air France mai lamba 447, wanda ya ɓace a Tekun Atlantika a 2009 da mutum 228, aka yi kusan shekara biyu kafin a gano inda yake kwance. Labarinsa ya nuna ƙarfin wannan fasaha da kuma rauninta.

Akwatin da ba baƙi ba

Da farko dai, akwatin nan ba baƙi ba ne. Launin ruwan goro mai haske ake shafa masa don a yi saurin hango shi cikin tarkace. Kuma a manyan jirage guda biyu ne: ɗaya yana naɗar bayanan tafiya, kamar gudu da tsayi da aikin injina, ɗayan kuma yana naɗar maganganun matuƙa da duk wata ƙara da ta tashi a ɗakin tuƙi. Galibi a wajen wutsiyar jirgi ake ajiye su, domin nan ne ya fi tsira idan aka yi hatsari. Ana gwada ma'ajiyar bayanansu da wutar da zafinta ya kai digiri 1,100 na tsawon awa guda, da kuma matsin ruwa irin na zurfin mita 6,000.

Tun a 1939 wani injiniya Bafaranshe, François Hussenot, ya ƙera na'urar da ke zana bayanan jirgi a kan fim ɗin hoto. Amma wanda aka fi dangantawa da akwatin da muka sani a yau shi ne David Warren, masanin sinadarai ɗan Ostareliya. Yana ɗan shekara tara mahaifinsa ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1934, jirgin da ya faɗa teku. A 1953 aka sa shi cikin masu nazarin dalilin da ya sa jirgin Comet, jirgin jet na farko da ya fara jigilar fasinja, yake ta faɗuwa ba tare da an san musabbabi ba. Nan tunani ya zo masa: da a ce akwai abin da ya naɗi maganar matuƙa a mintunan ƙarshe, ai da an huta da hasashe. Kafin ƙarshen shekarun 1950 ya haɗa samfurin farko, mai naɗar sauti a kan siririyar wayar ƙarfe. Hukumomin ƙasarsa ba su ɗauke shi da muhimmanci ba da fari. Sai bayan wani jirgi ya faɗa teku kusa da garin Mackay a 1960, mutum 29 suka mutu aka kasa gano dalili, sannan Ostareliya ta zama ƙasa ta farko da ta wajabta sanya na'urar naɗar murya a ɗakin tuƙi.

To, an samu akwati. Saura yadda za a same shi idan ya nutse.

Me ya sa sai da sauti?

A tudu muna neman abu da ido, ko da rada, ko da tauraron ɗan'adam. Duk waɗannan haske ne ko igiyar rediyo, kuma ruwan gishiri yana shanye su nan da nan. Bayan mita 200 hasken rana ya kusa ƙarewa, bayan mita 1,000 kuwa duhu ne ƙirin. Siginar wayarka ko ta na'urar nuna wuri ba za ta ratsa ko 'yan mitoci ba.

Sauti kam ruwa gidansa ne. Idan ka taɓa nutso a kogi wani ya gwara duwatsu biyu a cikin ruwan, ka san yadda ƙarar take zuwa maka tsaf kamar a cikin kanka aka buga. A iska sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a sakan ɗaya, a ruwan teku kuwa kimanin mita 1,500, wato ya ninka sau huɗu da ɗoriya.

An fara auna wannan gudu ne a 1826 a Tafkin Janeba da ke Siwizalan. Daniel Colladon da Charles Sturm suka yi amfani da kwale-kwale biyu, tsakaninsu sama da kilomita 13. A ɗaya aka buga ƙararrawa a cikin ruwa, a daidai lokacin kuma aka kunna albarushi. Wanda ke ɗaya kwale-kwalen ya ga walƙiyar albarushin, ya fara ƙirga lokaci har ya ji ƙarar ta wani bututu da ya zura cikin ruwa. Suka samu mita 1,435 a sakan, adadin da ya yi kusa ƙwarai da abin da na'urorin zamani ke nunawa a ruwa mai sanyi irin wannan.

Nutsewar jirgin ruwan Titanic a 1912 ta ƙara zaburar da masana. A 1914 Reginald Fessenden, ɗan Kanada, ya aika sauti cikin ruwa ya ji amsa-kuwwarsa ta dawo daga wani dutsen ƙanƙara mai nisan kimanin kilomita uku. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma, Paul Langevin a Faransa ya yi amfani da wani dutse mai ƙyalli wanda idan aka sa masa lantarki yakan girgiza, idan kuma sauti ya girgiza shi yakan fitar da lantarki. Wato abu ɗaya ya zama baki, ya zama kunne. Daga nan fasahar sona ta samo asali, kuma irin wannan dabara ce ke cikin 'yar na'urar da ake liƙa wa baƙin akwati.

Ƙararrawar ruwa

A jikin kowane akwati akwai wani ɗan gwangwanin ƙarfe, tsawonsa kimanin santimita goma, kamar 'yar tocila. Mu kira shi ƙararrawar ruwa. Yana nan shiru shekara da shekaru. Da zarar ruwa ya taɓa shi sai ya haɗa layin lantarki, ya fara fitar da ɗan gajeren sauti sau ɗaya a kowane sakan. A wancan zamani doka ta ce batirinsa ya yi aƙalla kwana 30. Idan ka lissafa, kuka 2,592,000 ke nan, daga nan sai murya ta fara dushewa.

Ko kana kusa da shi ba za ka ji ba. Kunnen ɗan'adam yana jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan, ita kuwa wannan ƙararrawa sau 37,500 take kaɗawa. An zaɓi siririn sauti haka saboda dalilai masu ma'ana: ƙaramar na'ura da ƙaramin batir sun isa su samar da shi, kuma ya fita daban daga hayaniyar injinan jiragen ruwa da ke cika teku da kauri-kaurin sauti.

Amma akwai farashi. Ka lura da dare idan ana biki a wata unguwa mai nisa: dukan babbar ganga ne ke isowa gare ka, sarewa da tafi duk sun mutu a hanya. Haka abin yake a ruwa. Siririn sauti yana saurin shanyewa, don haka kukan ƙararrawar bai cika wuce kilomita biyu zuwa uku ba, shi ma idan teku ya yi kyau. Ga kuma wata matsalar: ruwan sama-sama ya fi na ƙasa ɗumi, kuma sauti yakan lanƙwashe idan ya ratsa tsakanin ruwa mai sanyi da mai ɗumi. Dutse a ƙasan teku yana iya tare shi, laka tana iya binne shi.

Ka ga ke nan idan akwati yana kwance a zurfin kilomita huɗu, jirgin ruwa zai iya wucewa ta kansa daidai bai ji komai ba. Dole a ɗaure makirufon ruwa a doguwar igiya, a sake shi ya nutse kusa da ƙasa, a riƙa jansa a hankali, gudun da bai wuce tafiyar mutum a ƙafa ba.

Wani lokaci a dace, wani lokaci a rasa

A ranar 23 ga Yunin 1985 bam ya tarwatsa jirgin Air India mai lamba 182 a sararin tekun da ke kusa da Ailan, mutum 329 suka mutu. An ji kukan ƙararrawa, kuma cikin ƙasa da mako uku wani mutum-mutumin ruwa mai suna Scarab ya ciro akwatunan biyu daga zurfin kimanin mita 2,000. Wannan ya nuna wa duniya cewa abin mai yiwuwa ne.

Shekara biyu bayan haka aka ga ɗaya fuskar. A Nuwamban 1987 gobara ta tashi a jirgin Afirka ta Kudu mai suna Helderberg, ya faɗa Tekun Indiya kusa da tsibirin Morishiyos da mutum 159. Kwana 30 suka cika ba a gano ƙararrawa ba. Sai a Janairun 1989 aka ciro akwatin murya daga zurfin kimanin mita 4,900. Na bayanan tafiya ba a taɓa samunsa ba.

Mu ma wannan tarihi ya taɓa mu. A daren 30 ga Janairun 2000 jirgin Kenya Airways mai lamba 431 ya tashi daga Abijan zai nufi Legas, ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa. Cikin mutum 179, goma ne kacal suka tsira, kuma da yawa daga cikin mamatan 'yan Najeriya ne. Da yake kusa da gaɓa ne, ba a daɗe ba aka ciro akwatunan. Na muryar ne ya nuna cewa wata ƙarar gargaɗi ta tashi tana cewa fikafikai sun daina ɗaukar jirgin, alhali ba haka ba ne. Matuƙi ya sunkuyar da hancin jirgi don ya gyara matsalar da babu ita, cikin duhu, har suka daki ruwa. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daren 1 ga Yunin 2009

Jirgin Air France 447, ƙirar Airbus A330, ya tashi daga Riyo di Janeiro a Birazil da yammacin 31 ga Mayu, zai tafi Faris. Fasinja 216 ne da ma'aikata 12. A tsakiyar Atlantika babu rada, amma jirgin yana aika rahoton inda yake ta tauraron ɗan'adam duk bayan minti goma. Na ƙarshe ya zo da ƙarfe 2:10 na dare agogon GMT. Cikin mintuna huɗu da suka biyo baya, kwamfutar jirgin ta aika jerin saƙonni 24 na matsaloli zuwa sashen gyara na kamfanin. Daga nan shiru.

Hukumar binciken hatsarin jiragen sama ta Faransa, BEA, ta yi lissafi: daga wurin rahoton ƙarshe, iyakar nisan da jirgin zai iya yi kafin saƙonnin su yanke bai wuce kimanin kilomita 75 ba. Aka zana da'ira mai wannan nisa ta kowane ɓangare. Faɗinta kimanin murabba'in kilomita 17,000, wato kaɗan ya rage ta kai girman jihar Kano gaba ɗaya. Ƙasan wurin kuma ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Yankin jerin tsaunukan tsakiyar Atlantika ne, mai ƙololuwa da kwazazzabai, wani wurin zurfinsa bai kai kilomita ɗaya ba, wani wurin ya haura huɗu. Hausawa na cewa allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. To nan masu nema ba su da damar jiran rabo, kwana 30 kawai gare su.

Sai ranar 6 ga Yuni aka fara ganin gawarwaki da tarkace suna yawo a saman ruwa. Kwana biyar ke nan igiyar ruwa da iska suna kora su, don haka inda aka gan su bai nuna inda jirgin ya faɗi ba. Faransa ta turo jirgin yaƙinta na ƙarƙashin teku mai suna Émeraude don ya saurara. Sojojin ruwan Amurka suka ba da aron makirufon ja guda biyu, aka ɗaura su a jiragen ruwa biyu. Daga 10 ga Yuni zuwa 10 ga Yuli aka yi ta kai da kawowa cikin da'irar nan ana kasa kunne dare da rana. Ba a ji komai ba.

Da batir ya mutu, sai dabara ta sauya. A da ana sauraron kukan akwati ne, yanzu kuwa sai masu nema su yi nasu kukan su saurari amsa-kuwwa, kamar yadda jemage ke yi. Sona tana harba sauti dama da hagu zuwa ƙasan teku. Laka tana mayar da shi a raunane, ƙarfe da dutse suna mayar da shi da ƙarfi, kwamfuta kuma ta haɗa wannan ta zana hoto. An yi zagaye na biyu da irin wannan sona a Yuli da Agustan 2009, ba a dace ba.

A Afrilu da Mayun 2010 aka yi zagaye na uku. Masana igiyar teku suka yi ƙoƙarin lissafa tafiyar tarkacen da baya-baya, daga inda aka tsince su zuwa inda suka taso, lissafin ya nuna arewa maso yamma. Aka share sama da murabba'in kilomita 6,000. A tsakiyar aikin ma sojojin ruwan Faransa suka sanar cewa sun sake tace sautukan da Émeraude ya naɗa a bara, kuma kamar akwai kukan ƙararrawa a wani wuri daban. Aka karkata can, aka duba, babu komai. Shekara guda ta wuce, iyalan mamata suna jira, kuma jirage irin wannan suna ci gaba da tashi kullum ba tare da an san takamaiman abin da ya kayar da ɗan'uwansu ba.

Akuyar da ƙararrawarta ta faɗi

Mai karatu, a ce akuyarka ta ɓace, kuma ka san akwai ƙararrawa a wuyanta. Ka bi ta bakin kwarin da ke bayan gida, ka tsaya ka saurara, ba ka ji komai ba. Sai ka ce ba ta nan, ka wuce daji mai nisa. Kwana da kwanaki kana yawo. Amma tsaya: hukuncin da ka yanke cewa ba ta cikin kwarin ya dogara ne kacokan a kan cewa ƙararrawar tana wuyanta har yanzu. In ta tsinke ta faɗi fa? Ashe ke nan ba ka duba kwarin ba sam, wucewa kawai ka yi.

Wannan shi ne kuskuren da aka yi. Tun a Yunin 2009 an ja makirufo ta yankin da ke kusa da wurin rahoton ƙarshe, ba a ji kuka ba, sai aka ɗauka an gama da shi. Kuma ba wauta ba ce, domin a mafi yawan hatsarurrukan baya ƙararrawar takan yi aiki, ga shi kuma guda biyu ne.

A 2010 BEA ta nemi wani kamfanin masana lissafi na Amurka mai suna Metron ya sake duba komai. Cikin tawagar akwai Lawrence Stone, wanda ya yi aiki a neman jirgin yaƙin ƙarƙashin teku na Amurka, Scorpion, da ya nutse a 1968. Hanyar da suka bi ta samo asali daga ƙa'idar Thomas Bayes, wani malamin coci ɗan Ingila da aka wallafa aikinsa a 1763 bayan rasuwarsa. Ga yadda take: ka raba taswira gida-gida, ka ba kowane gida kaso na yiwuwar cewa abin yana ciki. Duk gidan da aka duba ba a samu ba, kada ka soke shi, ka rage kasonsa gwargwadon ingancin dubawar da aka yi masa. Dubawa mai kyau ta rage shi sosai, dubawar shakku ta rage shi kaɗan.

Sun kuma duba wasu hatsarurruka tara da jirgi ya ƙwace wa matuƙa yana sama, suka ga duk sun faɗi ne cikin kimanin kilomita 37 daga inda matsala ta fara. Sannan suka zana taswira a kan zaton cewa ƙararrawar biyu duk sun lalace tun lokacin da jirgin ya daki ruwa. Nan take yankin tsakiyar da'ira, wanda aka yi watsi da shi, ya fito a matsayin wurin da ya fi cancanta a duba. Suka miƙa rahotonsu a Janairun 2011.

Ranar 3 ga Afrilun 2011

A ƙarshen Maris aka fara zagaye na huɗu, ƙarƙashin jagorancin cibiyar nazarin teku ta Woods Hole da ke Amurka. Sun zo da mutum-mutumin ruwa uku ƙirar REMUS 6000, kowanne tsawonsa kimanin mita huɗu, ba igiya ba matuƙi. Akan tsara masa hanya a kwamfuta, ya nutse, ya yi kusan kwana guda yana kai da komo a saman ƙasan teku kamar mai huɗa a gona, ya taso a sauke bayanansa a sauya masa batir.

Cikin kimanin mako guda hoton sona ya nuna wani wuri mai ɗige-ɗige masu haske a kan wani fili shimfiɗaɗɗe tsakanin tsaunuka. Aka sake tura mutum-mutumi da kyamara. Ranar 3 ga Afrilu hotuna suka tabbatar: ga injina, ga tayoyi, ga ɓangaren fiffike. Zurfin wurin kimanin mita 3,900, nisansa daga wurin rahoton ƙarshe kuwa kimanin kilomita 12 kacal. Bayanan BEA sun nuna cewa an ja makirufo kusa da wannan wuri a ranakun 22 da 23 ga Yunin 2009, lokacin da ya kamata a ce batir yana da rai.

Daga nan aka kawo jirgin shimfiɗa wayar ƙarƙashin teku mai suna Île de Sein, ɗauke da wani mutum-mutumi mai hannuwa, Remora 6000. Da farko gangar jikin akwatin bayanai aka gani, ma'ajiyar ta ɓalle ta yi nata wuri. Ranar 1 ga Mayu aka tsinto ta a cikin laka, washegari aka gano akwatin murya. Ƙararrawa ɗaya ce aka samu, ta jikin akwatin murya, kuma gwaji ya nuna ta lalace. Ɗayar ba a gan ta ba. An kuma ciro gawarwaki 104, ƙari a kan 50 da aka samu a 2009. Mutum 74 suna can har yau.

Abin da akwatunan suka faɗa

Bayan kusan shekara biyu ƙarƙashin matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa kusan sau 400, an karanta bayanan duka, ba abin da ya goge. Rahoton ƙarshe ya fito ranar 5 ga Yulin 2012.

Jirgin ya shiga gajimare mai ƙanƙara, ƙanƙarar ta toshe 'yan bututun da ke auna gudunsa. Da kwamfuta ta ga alƙaluma sun saɓa wa juna, sai na'urar tuƙi mai sarrafa kanta ta saki, ta miƙa wa matuƙa. Toshewar ba ta wuce kimanin minti ɗaya ba, injina kuma lafiyarsu ƙalau. Amma matuƙin da ke riƙe da jirgin ya ɗaga hancinsa sama, jirgin ya hau har ƙafa 38,000, gudunsa ya ragu, iska ta daina ɗaukar fikafikai. Ƙarar gargaɗi ta yi ta bugawa, a wani lokaci sakan 54 a jere, amma matuƙan ba su gane halin da suke ciki ba. Cikin ƙasa da minti huɗu da rabi daga sakin na'urar tuƙi, jirgin ya daki ruwa.

Ka tuna jirgin Abijan? A can gargaɗin ƙarya ne aka gaskata shi, a nan kuma na gaskiya ne ba a yi aiki da shi ba. Ba don akwatunan ba, da babu mai iya sanin ko ɗaya daga ciki. Abin da aka ji a akwatin Air France ya sa aka sauya horon matuƙa a duniya, aka ƙara ba da ƙarfi ga tuƙi da hannu a can sama da kuma yadda ake ceto jirgin da fikafikansa suka daina ɗauka.

Abin da ya canza, da abin da ya rage

Darasin bai gama shiga ba sai ga jirgin Malesiya MH370 ya ɓace ranar 8 ga Maris 2014 da mutum 239. A Afrilu jirgin ruwan Ostareliya, Ocean Shield, ya ji wasu sautuka a kudancin Tekun Indiya masu kama da kukan ƙararrawa, duk da cewa kaɗawarsu ta ɗan yi ƙasa da 37,500. Duniya ta ɗauka an gama. Aka share wurin da mutum-mutumi har ƙarshen Mayu, babu ko ƙusa. Daga baya aka duba murabba'in kilomita 120,000, aka dakatar a Janairun 2017. An shafe sama da shekara goma ba a ga akwatunansa ba. Ka ga rashin jin kuka ya ɓatar da masu neman Air France, jin kukan da ba shi ba kuma ya ɓatar da masu neman MH370.

Waɗannan hatsarurruka biyu sun sa an sauya dokoki. Batirin ƙararrawa ya tashi daga kwana 30 zuwa 90. Manyan jiragen da ke ratsa teku kuma ana ƙara musu wata ƙararrawar a gangar jikinsu, mai kaurin murya, mai kaɗawa sau 8,800 a sakan. Wannan ita ce babbar gangar da muka yi misali da ita, tana kai wa nesa fiye da siririyar sau da yawa. An kuma matsa wa kamfanoni su riƙa bibiyar inda jiragensu suke a kai a kai, musamman idan jirgi ya shiga matsala, domin da'irar nema ta ƙanƙance tun daga farko.

Fasahar tana aiki idan an san inda za a kasa kunne. A 2016 jirgin EgyptAir mai lamba 804 ya faɗa Bahar Rum da mutum 66. Jirgin ruwan Faransa, Laplace, ya ji ƙararrawa cikin mako biyu, aka ciro akwatunan daga zurfin kimanin mita 3,000 kafin wata ya cika. Akwatin muryar jirgin Lion Air da ya faɗa tekun Indonesiya a Oktoban 2018 kuwa sai bayan kwana 77 aka zaƙulo shi daga cikin laka, lokacin da tsohon batir mai kwana 30 da tuni ya daɗe da mutuwa.

Don haka, mai karatu, idan ka sake jin ana ƙirga kwanakin batir a labarai, ka san abin da ke gudana: wani jirgin ruwa yana tafiya a hankali yana jan makirufo a duhun teku, wasu mutane kuma suna zaune gaban kwamfuta suna jiran ɗan sautin da ke zuwa sau ɗaya a sakan. Idan sun ji, sai su tabbatar shi ne. Idan ba su ji ba, tun bayan 2011 sun koyi kada su yi saurin soke wurin daga taswira.